Usta, duba tukuna kafin ka biya kuɗin bara'a

Usta Ɗan Sabil: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya, wanda Allah Ya sa ya sani ya taimaka min. Kun san sana'ata gyaran mukayyif ce, wato na'urar sanyaya ɗaki, shekara 19 ke nan ina yi a nan Jidda. Ruwan nan da mukayyif ke ɗigarwa ta tiyo, wanda ke ɓata bango ya haɗa ka faɗa da maƙwabcin ƙasa, na samo dabarar mayar da shi kan injin waje ya riƙa jiƙa ragar da ke fitar da zafi. Tun bazarar bara na saka a gidana da gidan surukina. Kwamfiresa ta daina yankewa da tsakar rana, sanyin ɗaki kuma ya ƙaru, ba sai an gaya maka ba. Na je wani ofis sun ce in kawo riyal 9,000 su rubuta min takardu su shigar a SAIP, hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta Saudiyya, in samu bara'atul ikhtira. Kuɗin na tara, amma na ce bari in ji ta bakinku.

Na Karantina: Tabarakallah! Usta zai zama attajiri ya manta da mu. Ka rubuta sunana a cikin masu hannun jari tun yanzu.

Hajiya Mai Humra: Ma sha Allah, Allah Ya sa albarka. Amma mene ne bara'ar? Ni bara'ar da na sani ta Suratut Tauba ce.

Injiniya Zahran: Hajiya, takarda ce da hukuma ke ba wanda ya ƙirƙiro sabon abu, ta ce shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata ba wanda zai ƙera abin ko ya sayar a ƙasar sai da izininsa. Usta, barka da ƙoƙari. Tambaya ɗaya kafin komai: su mutanen ofishin, sun ce za su fara bincike ko wani ya riga ka, ko kai tsaye rubutu za su shiga?

Usta Ɗan Sabil: Ba su yi maganar bincike ba. Kuma ni ba na buƙata, Injiniya. Ba shagon kayan mukayyif da ban shiga ba a garin nan, daga Bab Makka har Sina'iyya. Haraj, kasuwar gwanjo, ma nakan je duk Juma'a. Ban taɓa ganin mai kama da shi ba.

Injiniya Zahran: To nan ne gizo ke saƙar. Mai duba takardarka a Riyad ba kasuwa zai shiga ba. Rumbun takardun duniya zai buɗe. Sharaɗin farko da doka ta sa sunansa da Larabci "jidda", ba garinku ba, wato sabunta. Kuma ba sabo a Saudiyya ake nufi ba, sabo a duk faɗin duniya. In wani mutum a Japan ya zana abin nan a takarda shekara 40 da suka wuce, ko da bai taɓa ƙera ko guda ba, ko da ya mutu an manta da shi, naka ya tashi daga sabo. Mafi yawan abin da ke cikin rumbun nan bai taɓa shiga shago ba.

Na Karantina: Mutum yana zaune a Jidda a ce masa ba shi da jidda. Wannan ai cin fuska ne.

Baffa Misfala: Ni ban ga dalilin sanyaya wa yaro gwiwa ba. Ya yi abu da hannunsa, ya gwada ya yi aiki. Ku 'yan boko kullum sai kun nemo wani Bature kun ce shi ya fara. Ɗana, kai takardarka, rabonka ba ya wuce ka.

Injiniya Zahran: Baffa, Allah Ya ƙara muku lafiya, ba gwiwa nake sanyaya masa ba, aljihunsa nake tausaya wa. Kuɗin shigarwa da na dubawa in aka ƙi takardar ba sa dawowa. Bayan haka akwai kuɗin shekara-shekara da ake biya don takardar ta ci gaba da rai. Binciken farko kuwa kyauta ne, waya da haƙuri kawai yake ci.

Dakta Ummu Safwan: Salamu alaikum. Na daɗe ban yi magana a nan ba, amma wannan ta shafe ni. A jami'ar da nake aiki akwai ofis na musamman da muke kai wa duk abin da muke zaton sabo ne. Na taɓa kai musu wani haɗi na tace ruwa da na yi wata 14 a kansa, ina ta rawar jiki. Mako biyu suka dawo min da takardu 3, ɗaya daga Koriya, kusan layi-layi abin da na yi. Ranar ban ci abincin dare ba. Usta, gara ka ji zafin nan kyauta da ka saye shi riyal 9,000.

Usta Ɗan Sabil: To Dakta, ina ake dubawa? Ni Turancina na sunayen kayan gyara ne kawai.

Dakta Ummu Safwan: Wurare uku za ka fara da su. Google Patents ya fi sauƙi a waya. Espacenet na ofishin bara'a na Turai ne, yana da takardu sama da miliyan 100 daga ƙasashe barkatai. PATENTSCOPE kuma na WIPO ne, hukumar haƙƙin ƙirƙira ta duniya da ke Janiba, shi har da fuskar Larabci yana da ita. Dukansu suna fassara takarda da na'ura, fassarar ba ta da daɗi amma ana gane inda aka dosa. Sannan shafin SAIP yana da wurin bincike na abin da aka shigar a nan gida.

Injiniya Zahran: Ƙari a kan na Dakta, kar ka dogara da kalmomi kaɗai. Masu rubuta takardun nan da gangan suke kauce wa sunan da kowa ya sani. Ba za su ce tiyo ba, sai su ce "mashigar da ruwa ke bi". In ka nemi tiyo ba ka gani ba sai ka yi murna a banza. Abin da ya fi shi ne lambar aji. Tun yarjejeniyar Sitirasbog ta 1971 aka kasa duk fasahar duniya gida 8, daga A zuwa H, kowane gida da ɗakunansa, kowane ɗaki da kantocinsa. Mukayyif yana F24F. Bari in duba ƙasansa in dawo.

Baffa Misfala: Tsaya. Yanzu yaro ya rubuta sirrinsa a Google ɗin, su masu Google ba su gani ba? Kai da kanka ka kai musu ke nan. Gobe ka gan shi ya fito daga Sin a kwali.

Ɗalibin Madina: Wallahi ni ma abin da ya zo min ke nan, Baffa.

Dakta Ummu Safwan: Baffa, tsoronku yana da tushe, shi ya sa ba a zuba bayanin abu gaba ɗaya a akwatin bincike, ko a manhajojin nan masu amsa tambaya. Kalma biyu uku ake sawa, ko lambar aji kawai, wadda ba ta tona komai. Amma ku yi haƙuri in faɗi gaskiya, inda sirri ya fi zubewa shi ne irin zauren nan. Mu nawa ne a ciki? Kowa yana iya tura saƙo gaba. Abin da ka bayyana wa jama'a da bakinka kafin ka shigar da takarda, shi ma ana iya lissafa shi cikin abin da ya rigaya, a ƙi ka da maganarka.

Injiniya Zahran: Na dawo. Usta, ka zauna in kana tsaye. A ƙarƙashin F24F akwai lamba 1/42. Taken kantar shi ne injin waje da ke amfani da ruwan da mukayyif ya tara don ƙara sanyaya shi. Ba takarda ɗaya na samo maka ba, kanta guda aka ware wa maganar saboda yawan masu kawo ta. Akwai kuma 13/22, ta hanyoyin kwashe ruwan.

Na Karantina: Innalillahi. Tun kafin a yi daran aka yi kwandi. Ku cire sunana daga hannun jarin.

Usta Ɗan Sabil: Ba lallai irin nawa ba ne.

Injiniya Zahran: Ba lallai ba, shi ya sa za ka karanta. Saka lambar a Espacenet, ka bi zane-zanen ɗaya bayan ɗaya. Kai mai sana'a ne, zane zai yi maka magana fiye da rubutu. Duk wanda ya yi kama da naka ka ajiye lambarsa, ka duba takardun da ya ambata da waɗanda suka ambace shi daga baya, kamar mai bin dangi. Da yawa za ka ga na Sin ne, don ofishinsu kaɗai yana karɓar buƙata sama da miliyan ɗaya da rabi a shekara.

Ɗan Mairuno: Salam ya jama'a. Ina biye da ku daga Riyad. Maganar nan ta tuna min zir. Mu a Mairuno mun tashi mun tarar da randar zir a ƙofar kowane gida da bakin masallaci, ruwa na tsatsafowa ta jikin yumɓu, iska na busarwa, na ciki ya yi sanyi kamar an sa ƙanƙara. Sai ga wani malami daga Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakani da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma, tumatir da yalo suka riƙa kwanaki ba su lalace ba. Ya ci kyautar Rolex a 2000, abin har Darfur ya kai. To shi ya ƙirƙiro ko kakanninmu?

Baffa Misfala: Yauwa! Ga ɗanmu nan duniya ta yarda da shi, ba wanda ya ce masa je ka duba rumbu.

Dakta Ummu Safwan: Baffa, kyauta daban, bara'a daban. Kyautar an ba shi ne don ya kai dabarar ƙauyukan da ba lantarki, ya sa magina suka ƙera dubbai, ya sauƙaƙa wa mata da manoma. Wannan aiki ne babba, Allah Ya jiƙansa. Amma sanyaya abu da busar ruwa ya girme mu duka. Da wani zai ce shi kaɗai ke da ikon sanyaya abu da jiƙaƙƙen yumɓu, randar gidan su Ɗan Mairuno ta isa hujja a kansa.

Ɗan Mairuno: Randa za ta iya zama hujja a gaban hukuma?

Dakta Ummu Safwan: In an iya tabbatar da cewa jama'a sun san abin kafin ranar. A 1995 Amurka ta ba wasu masu bincike bara'a a kan amfani da kurkum wajen warkar da rauni. Indiya ta tashi tsaye, ta kawo tsofaffin rubuce-rubucenta da suka nuna kakanninsu na yi tun da can, aka soke takardar a 1997. Haka aka yi da darbejiya a ofishin Turai, an ba da bara'a a kan maganin fumfuna daga man 'ya'yanta, aka soke a 2000, masu ita suka ɗaukaka ƙara, aka tabbatar da sokewar a 2005. Abin da ya ba Indiya nasara rubutu ne. Namu ilimin yawanci a ka yake, shi ne abin da ke damuna.

Ɗan Mairuno: Kuma Usta, wata magana ta sana'a. Dabararka a Jidda take da ruwa, saboda laimar teku. Nan Riyad iska a bushe take, tiyon mukayyif da kyar yake ɗiga. Mu da busar ruwa ta fi yi wa aiki, shi ya sa har yanzu ake amfani da mukayyif sahrawi mai sanyaya iska da ruwa, ba mu da ruwan. Ku masu ruwan kuma iskarku a jiƙe take, ba ta busarwa da sauri.

Usta Ɗan Sabil: Gaskiya ne, amma ragar injin waje zafinta ya wuce na iska nesa. Ruwa na taɓa ta yake tashi. Na gwada, ba labari aka ba ni ba.

Ɗalibin Madina: Ni tambayata daban ce. Na ji wasu suna cewa hana mutane kwaikwayon abu mai amfani ɓoye ilimi ne. Da na bincika sai na ga Majma'ul Fiƙhil Islami, a zamansu na biyar a Kuwait a 1988, sun yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, ba ya halatta a yi ta'addi a kansu. Ke nan in wani ya riga Usta, shi ma haƙƙin wancan ya hau kansa.

Dakta Ummu Safwan: Malam, kuma bara'a kishiyar ɓoyewa ce. Ciniki ne: ka bayyana yadda abin yake dalla-dalla har wani mai sana'a ya iya haɗawa, hukuma ta wallafa, a ba ka shekara 20, daga nan ya zama na kowa. Rumbun da muke ce wa Usta ya duba, da haka ya cika.

Hajiya Mai Humra: Af! Wallafawa ake yi? To ni da nake tunanin kai haɗin humrata da turaren wutana, wanda na gada wurin kakata, na fasa. Kishiyoyin sana'a su karanta a waya?

Injiniya Zahran: Hajiya, naki ki bar shi a ƙirji, shi ne kariyarsa. Abin da za ki yi wa rajista sunan kayanki ne da tambarin kwalba, alama tijariyya. Ita ma a SAIP ake yi, shekara 10 ana sabuntawa. Ita ma kafin ki biya ki duba ko wata ta riga ki sunan.

Na Karantina: Ni fa wani ɗan'uwanmu a Abuja ya samo takardar ƙirƙira, ba wani bincike ba wani F kaza, ya sa ta a gilashi a falo. Usta ya aika can mana.

Injiniya Zahran: Dokar Najeriya ta 1970 ba ta sa mai rajista ya binciki ko abu sabo ne ba. Yana duba cikar takardu ne ya buga hatimi, ingancinta kuma yana wuyan mai ita, ranar da aka je kotu a nan za a san ko tana da ƙafa. Nan kuwa ana dubawa kafin a bayar. Wani lauya a Ostareliya ya taɓa nuna illar rajista ba bincike, a 2001 ya shigar da taya, tayar mota da ta amalanke, ya ba ta wani dogon suna, aka ba shi takarda. Kuma takardar Abuja iyakarta Najeriya. Ba ta hana kowa komai a Jidda.

Usta Ɗan Sabil: To na ji. Yarinyata tana aji uku a sanawiyya, Turancinta ya fi nawa. Za mu zauna bayan isha.

*Washegari*

Usta Ɗan Sabil: Salamu alaikum. Jiya sai ƙarfe 2 muka kwanta. Mun duba zane ya fi 60. Jama'a, jikina ya yi sanyi. Akwai mai famfo, akwai mai feshi, akwai mai tsumma a gaban raga, akwai takardun da suka girme ni. Abin da ya fi ba ni kunya, mukayyif shubbak, na taga, da nake kwancewa kullum, zoben nan da ke gefen fankar baya yana ɗebo ruwa daga tire yana watsa wa raga, ai shi ne maganar. Shekara 19 ina wanke shi ban taɓa haɗa shi da nawa ba.

Baffa Misfala: Kun gani ko? Kun kashe wa yaro zuciya.

Hajiya Mai Humra: Haba Baffa, riyal 9,000 fa suka tsira.

Injiniya Zahran: Usta, ka yi aikin da mutane da yawa masu digiri ba sa yi. Yanzu tambayoyi biyu ne, kar ka cakuɗa su. Ta farko, za a ba ni bara'a? Ta biyu, ina da ikon ƙerawa in sayar? Amsar ta farko tana iya zama a'a, ta biyu ta zama e. Duk takardar da ta haura shekara 20 ta mutu, abin cikinta halal ne ga kowa. Wadda mai ita ya daina biyan kuɗin shekara, ita ma ta faɗi. Wadda aka yi a Japan ko Amurka kaɗai ba a shigo da ita nan ba, ba ta da iko a Saudiyya. Waɗanda za ka yi hattara da su su ne masu rai a SAIP, da na ofishin bara'a na ƙasashen Khalij da ke Riyad. Ofishin ya dakatar da karɓar sabbin buƙatu a Janairun 2021, amma waɗanda ya riga ya bayar ba su mutu don haka ba.

Dakta Ummu Safwan: Kuma in za ka auna ko ka taka wani, kar dogon bayanin farko ya tsorata ka. Je ƙarshen takarda, wurin jerin lambobi da ake kira anasirul himaya. Nan ne katangar gonarsa. Bayanin yana iya zagaye duniya, amma abin da ya mallaka shi ne abin da ke cikin jerin nan kawai. Sai dai wajen maganar sabunta, duk abin da takardar ta faɗa ko ta zana ana lissafawa, ko yana cikin katanga ko ba ya ciki.

Usta Ɗan Sabil: To akwai abu ɗaya. Duk waɗanda na gani, ko dai suna da famfo mai cin wuta, ko ruwan yana ɗiga a hankali. Su ba su san ƙurarmu ba. In ruwa na ɗiga a hankali kan raga, ƙura na kamawa ta zama taɓo, wata biyu ragar ta toshe, gara ma ba ka saka ba. Da haka na fara, na ɓata injin guda. Nawa ba famfo, kuma ragar ba ta yin taɓo, saboda a cikin akwatin na sa wani

Dakta Ummu Safwan: Usta dakata! Kar ka ƙara ko harafi.

Injiniya Zahran: Mai zaure, don Allah in ya turo ci gaban a goge.

Mai Zaure: Ya turo, na goge. Ina jin ba a kai ga buɗewa ba.

Na Karantina: Ni na buɗe amma wallahi ban gane komai ba.

Dakta Ummu Safwan: Wannan ɗan abin da ka kusa faɗa, in akwai ƙirƙira a aikinka to a nan take. Yawancin bara'o'i haka suke, gyara ne ƙarami a kan tsohon abu. Willis Carrier ya samu tasa a kan na'urar sarrafa iska tun 1906, kuma har yau ana ba da sababbi a kan mukayyif. Yanzu binciken zai koma kan wannan yanki shi kaɗai. Kuma kar ka tsaya a F24F. Mai duba takarda yana da sharaɗi na biyu, cewa abin kar ya zama wanda duk mai sana'a zai hango da sauƙi. In dabarar tana nan a kayan ban-ruwa ko na banɗaki, yana iya cewa ɗauko ta kawai ka yi ka liƙa.

Injiniya Zahran: Wa ya taɓa ganin cikin akwatin?

Usta Ɗan Sabil: Ni da yarinyata. Surukina bai taɓa buɗewa ba, a rufe yake da ƙusa. Amma na sa bidiyo a status bara, ɗan ƙanwata kuma ya ɗora a TikTok.

Injiniya Zahran: Subhanallah. Me ya fito a bidiyon?

Usta Ɗan Sabil: Akwatin daga waje, da tiyo, da ni ina nuna ma'aunin zafi.

Dakta Ummu Safwan: In cikin bai fito ba kuma ba ka yi bayaninsa ba, da sauƙi. Ka sa yaron ya sauke, amma ka ajiye kwafi da ranar da aka ɗora, ka nuna wa wakilin da zai rubuta maka, har da maganar na gidan surukinka. Kar ka ɓoye masa komai. Amurka tana yi wa mai ƙirƙira rangwamen shekara guda in shi ya bayyana abinsa, Turai ba ta yi, kuma kar ka ɗauka rangwamen Amurka yana aiki a nan.

Ɗan Mairuno: Wata tambayar, ya Usta. Kai ba a ƙarƙashin mu'assasa, wato kamfani, kake aiki ba? Kafilinka fa?

Injiniya Zahran: Tambaya mai kyau. Dokar bara'a ta nan, ta 2004, tana ba mai aiki mallakar abin da ma'aikaci ya ƙirƙira in aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan, ko in da kayan wurin aiki da bayanansa ya kai ga abin, shi kuma ma'aikaci yana da haƙƙin lada. Ka duba aƙadinka, takardar yarjejeniyar aikinka.

Usta Ɗan Sabil: A saman gidana na haɗa, ranakun Juma'a, da kayana. Injin da na ɓata ma nawa ne, a Haraj na saya.

Injiniya Zahran: Ka adana duk abin da zai nuna haka. Amma ni ra'ayina, ko ɗan yankin nan ya fito sabo, ban ga ribar bara'a gare ka ba. Takarda ba ta kama ɓarawo da kanta, kai za ka gano mai kwaikwayo, kai za ka kai ƙara, kai za ka biya lauya. Akwatin da duk mai walda zai buɗe ya gane cikin minti 5, wa za ka bi wa za ka bari? Gara ka zuba kuɗin a ƙera shi da kyau, ta hanyar da doka ta yarda, ka san maganar tasattur, baƙo ya yi kasuwanci a ɓoye da sunan ɗan ƙasa, ba wasa ba ce, ka riga kowa shiga kasuwa.

Dakta Ummu Safwan: A nan na saba da kai, Injiniya. Daidai saboda ana buɗewa a gane ne yake buƙatar takarda. Na Hajiya ana iya ɓoyewa, nasa ba a iyawa. Kuma ba masu walda zai bi ba. Ranar da zai zauna da wata masana'anta, tambayar farko da za su yi masa ita ce me ka mallaka. In ba lambar shigarwa a hannunsa, shayi za su ba shi su yi godiya. Kuma da ya shigar a nan, yarjejeniyar Faris ta ba shi wata 12 ya nemi wasu ƙasashe da ranarsa ta farko. Saudiyya ta shiga PCT, yarjejeniyar shigar da buƙata ɗaya don ƙasashe da yawa, a 2013, ta nan lokacin yanke shawara yana kaiwa wata 30. Sudan ma tana ciki tun 1984, Najeriya tun 2005.

Injiniya Zahran: Wata 30 ɗin kyauta ne? Kowace ƙasa da kuɗinta da fassararta da wakilinta. Mutumin da ya tara 9,000 da gumin rufin gidaje muke magana.

Dakta Ummu Safwan: Ban ce ya zagaye duniya ba. Ƙasashen da ke da zafi da laima da ƙura tare ba su da yawa, kuma yana zaune a babbar kasuwarsu.

Baffa Misfala: Jiya kun ce kar ya kai, yau ɗaya ta ce ya kai ɗaya ya ce kar ya kai. Da ya bi tawa da yanzu takarda na Riyad.

Ɗalibin Madina: Da ta je da bayanin da ba shi ne sabon ba, Baffa.

Usta Ɗan Sabil: In na gama binciken yankin nan ban ga kowa ba, shi ke nan na tabbata?

Injiniya Zahran: A'a. Buƙata takan zauna a rufe wata 18 kafin a wallafa ta. Wanda ya shigar bara war haka, ba kai ba, ko ni ba zan gan shi ba. Kuma wanda ya riga shigarwa shi ke da ita, ba wanda ya riga tunani ba. Bell da Elisha Gray rana ɗaya takardunsu na wayar tarho suka isa ofis, 14 ga Fabrairun 1876, yau sunan ɗaya kawai yara suka sani. Don haka in za ka bi ta Dakta, kar binciken ya kai ka wata bazarar.

Usta Ɗan Sabil: To ga abin da zan yi. Mako biyu ni da yarinya mu bi yankin nan, har kayan ban-ruwan da Dakta ta ce. Lambobin da suka fi kusa da nawa zan buga su a takarda in koma ofishin da su, in ce su nuna min bambancin a rubuce kafin in ba da ko riyal. In suka yi ta kewaye-kewaye in nemi wani wakilin mai lasisin SAIP. Injiniya, zan kira ka ka nuna min yadda ake gane takarda mai rai da matacciya, jiya mun kasa.

Injiniya Zahran: Bayan magariba ina gida. Ka buɗe Espacenet a kwamfuta, a waya shafin yana matsewa.

Hajiya Mai Humra: Usta, kafin ka nutse a F ɗin nan, nawa na falo kwana 4 yana zuba a kan kafet, na sa bokiti har biyu.

Usta Ɗan Sabil: Tiyo ne ya toshe, Hajiya. Kashe shi, gobe bayan la'asar ina hanya.